Fil Tara da Giɓi

Kawu Mutari ya kwantar da akwatin bisa tabarma,
ya zare murfin gefe kamar mai fiɗar rago,
ya leƙa, ya cire tabarau, ya goge, ya sake leƙawa.
Ya ce, Barira, zo.
Yatsuna sun yi kauri, idona ya yi wa rubutu nisa.

Tun bara nake shara a shagon nan
bayan Kasuwar Dole,
in busa ƙurar fanka, in sayo ƙanƙara.
Sai yau aka miƙo mini wayoyi.

Zare filogi tukuna, in ji shi.
Taɓa ƙarfe, ki sauke wutar jikinki.

Ga su sun gangaro daga goshin akwati a cukurkuɗe,
sirara kamar jijiyar ganyen zogale,
ja da fari, kore da fari, shuɗi da fari,
kowace da ɗan baƙin kai
mai rubutun da sai an karkata shi ga haske.

Can ƙuryar allon da Kawu ke ce wa katmer
fil tara na tsaye sahu biyu,
biyar nan, huɗu can,
gurbin na goma fayau
kamar bakin Iya ta Garin Malam in tana dariya.
Daga giɓin ake ƙirga, in ji Kawu.
Wanda babu shi ne zai faɗa miki inda kike.

Wayar kunnawa ba ta da fushi,
ta gaba, ta baya, duk yadda aka sa ta karɓa.
Ƴan fitilun ne masu zuciya.
Juya musu ƙafa, ba za su ƙone ba,
sai dai su yi gum
kamar maƙwabcin da aka wuce ba sallama.

Kan kile da kan sauti kuwa tagwaye ne,
tsayi ɗaya, ramu tara-tara,
amma toshiyar kowa daban take.
Kar ki danna da ƙarfi.
In ya ƙi shiga, ba gidansu ba ne.

Fitilar salula a haƙorana,
gumi na bin haɓata, ina kare shi da kafaɗa.
Malam Zabeiru na kan benci yana kaɗa ƙafa,
shi da ke buga wa mutane takardu a ƙofar kotu.
Rabon gado uku na jiransa,
da rikicin wata gona a Mirriya.

Na gama. Na mayar da filogi. Na danna.
Shiru.
Na ɗaga kai, fankar sama ma ta tsaya.
Kuran ya tafi.

Muka sha shayi har ruwa na uku.
Bayan la'asar injin niƙan Tanimun ya yi tari,
layi duka ya ɗauki guɗa.
Na danna babban madanni.
Shiru dai.
Cikina ya ɗuri ruwa.
Hannuna na komowa ya shafi ƙaramin,
na sake tayarwa, wanda ba mai kula shi,
sai fanka ta juya, akwati ya ce ƙit,
koren ido ya buɗe.

Daga giɓi na ƙirga, wallahi.
Amma ta wajen kansa na tsuguna,
samansa ya zama ƙasana.

Na ɗauko turnabis in gyara.
Malam Zabeiru ya ce, tsaya, ƴata, bar shi haka.
Samari huɗu gare ni a gida,
kullum dare sai sun kunna mini shi don ƙwallo.
Su yi ta danna babban har su gaji.

Ya ɗaura shi bayan kabu-kabu da tsohuwar roba,
suka bi ta gindin duwatsu suka ɓace.

Kawu bai ce na iya ba.
Ya jawo wani akwatin da ƙafa daga ƙarƙashin tebur,
ya turo mini,
ya ce, wannan karon zauna ta wajen ƙafafunsa.