Ƙusa ta Huɗu

Taku bakwai a tsaye, biyar a kwance,
da ƙafata na auna.
Nan muke jibge buhunan albasa
kafin a ɗauke su zuwa kasuwa da asuba.
Mun kwashe, mun share, mun wanke da omo har sau uku,
amma bangon ya riga ya haddace warin.

Shekarar Hindatu tara.
Ta ce, "Umma, na girma,
ƙafar Sadiku na shurina cikin barci."
Babanta ya yi dariya, ya ce a Agege
wanda ya samu wurin shimfiɗa tabarma
sai ya gode wa Allah ya yi shiru.
Ni dai ban yi shiru ba.

Na so fenti ruwan hoda.
Ta ce rawaya, irin ta danfo,
har da baƙin layi biyu a tsakiya.
Muka yi ciniki kamar a Oshodi:
ta samu rawayar, na hana layin.

Baba Kayode kafinta ya zo da zarto a kafaɗa.
Hausarsa gutsure-gutsure,
Yarbancina ya fi ta ramewa,
da yatsa muka gama magana.
Ya ɗaga gadon kamu guda daga ƙasa
don ruwan Legas ba ya neman izini,
ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa ya zauna.
A ƙasan gadon na tura akwatin ƙarfe
da na zo da shi daga Funtuwa,
yanzu yunifom ne a ciki, da safa,
da kayan sallar bara da suka ɗage mata.

Ƙusa huɗu a bayan ƙofa:
jaka, hijabin Islamiyya, tawul.
Ta huɗun ta ce a bar mata,
ba ta san abin da za ta rataya ba tukuna.

Tagar ba ta fi faifai ba.
Tana kallon igiyar shanyar Iya Bose
da ɗan yankin sama
da jiragen Ikeja ke tsagawa kullum.
Na yanka tsohuwar atamfata, mai zanen kifi,
na yi labule.
Ɗinkin ya karkace. An bar shi haka.
Gwangwanin madara ya zama gidan fensir,
kwandon roba ya haɗiye takalma.

Sai na tattara tarkace zan zubar:
murafen kwalba goma sha wani abu,
ƙwanson kodi daga bakin teku,
hannun 'yar tsana wadda ba a san inda sauranta yake ba.
Ta tare ƙofa.
"Ba shara ba ne."
Ta jera su kan katakon da muka kafa don littattafai,
bisa wani tsari da ban gane ba
kuma ba a yi mini bayani ba.

Daren farko aka ɗauke wuta.
Janareton maƙwabta ya fara tari,
jirgin ƙasa ya girgiza kwanon rufi ya wuce.
Na bar mata gefen katifa,
na ce yanzu za ta dawo da filo a hannu.

Sha ɗaya.
Sha biyu.

Ni ce na tashi da tocilan.
A jikin ƙofa, takardar da aka yago daga littafin lissafi,
an manna ta da cingam:
A YI SALLAMA.

Na yi, a hankali.
Ba amsa.

Tana kwance a gicciye, hannu nan, ƙafa can,
kamar wadda ta sayi Legas duka ta biya.
Fenti na wari, albasa na leƙowa ta bayansa.
Na juya zan fita, hasken ya faɗa bayan ƙofa:

ɗankwalina ne, shuɗin nan
da na kwana uku ina nema,
rataye a ƙusa ta huɗu.