Ƙas Ɗaya

A Nyabugogo, inda tuddan Kigali ke zubo ruwansu,
garejinmu rumfar kwano ce, ƙafarta ɗaya a kwata.
Babura na shigowa ba tari, ba hayaƙi,
sai dai ka ji inuwa ta tsaya maka a baya.

Mukantagara ce uwar ɗakina.
Ba tsawo, ba yawan magana,
hannu kamar busasshen rogo.
Ranar farko ta ce, "Shyaka, kar ka nemi injin a ciki,
yana can cikin cibiyar taya.
Aksul ɗin nan rami gare shi, wayoyi ke bi ta ciki
kamar jijiya a wuya.
Noti biyu ke riƙe da shi. Sauran duk kwalliya."

Na ji da kunne. Ƙuruciya na ɗibana,
ɗan sha tara mai share kwano biyu na wake da ayaba.
Na zura bututu a ƙotar sifana,
na hau na taka, na ƙara da tsalle.
Noti ya yi kuka, ya yi kuka, sai ya yi laushi,
ya dinga juyawa kamar zobe a yatsan mai jinya.
Zaren ƙarfe ya zubo siriri a tafina.
Albashin sati uku ke nan. Ba ta ce uffan ba.
Da ma ta yi faɗa. Shirun ya fi tsumagiya.

Wanda maciji ya sara, tsumma ma tsoronsa yake.
Babur ɗin Gatete da fargaba na ɗaure shi,
na tsaya tun noti bai zauna ba.
Shi kuwa lantarki bai san lallashi ba:
ka murɗa, ya fizgi aksul gaba,
ka kama birki, ya mai da shi baya,
gaba, baya, gaba, baya,
tudu bayan tudu, kamar yaro da haƙori mai girgiɗi.
Kwana huɗu. A gangaren Nyamirambo
aksul ya juya a mazauninsa, ya tsinke waya.

Da ƙafa ya turo shi, hular kwano a gwiwar hannu,
bayan rigarsa duk ƙwai,
kiret uku fasinjarsa ta ɗauko.
Ba wanda ya karye. Ya dube ni, ya dubi hannuna,
ya ce, "'Ya'yana biyu. Ƙaramar ko zama ba ta iya."

Da yamma ta buɗe akwatin da ba a taɓawa,
ta zaro doguwar sifana mai lambobi a ƙota.
Ta buɗe littafin babur, shafin da maiƙo ya cinye,
ta sa yatsa kan lamba. "Kowane da tasa.
Kar ka ari ta wani. Kar ka tambayi damtsenka,
damtse maƙaryaci ne, na safe daban, na bayan abinci daban.
Goge zaren. Zaunar da wosha mai harshe a gurbinta.
Ja a hankali, kamar cikakken guga daga rijiya."

Na ja. Ruwa na dukan kwano.
Na ja.
Ƙas.
Ƙarar ba ta kai ta ɓare gyaɗa ba.
"Tsaya."
"Ko in ɗan ƙara?"
"Ta gama magana. Ƙas ɗaya."

Ta tsoma tsinke a farin fenti,
ta ja layi daga noti zuwa ƙarfe.
"Ran da layin ya rabu biyu, noti ya fara tafiya."

Yanzu tana Huye, jinyar mahaifiyarta, wata na biyu.
Makullin akwatin na wuyana.
Gatete bai daina zuwa ba, bai kuma fara gaisuwa ba.
Duk Litinin yakan tsaya, ba ya sauka,
in durƙusa in dubi layin, in ɗaga masa yatsa,
ya sulale ya kama tudu.

Har yau in ta ce ƙas
kafaɗata na roƙon ƙarin rabin juyi.
Nakan saki ƙotar, in cusa hannu a aljihu har ya huce,
ina kallon jan ruwa na gangarowa kan hanya.