Kayan Yini Guda a Ruwan Goronyo

Da dare na shimfiɗa tabarma a tsakar gida,
na zube kaya kamar mai shirin sauke farali.
Hutun kwana tara aka ba ni a wurin aiki,
na ware guda saboda ruwan Goronyo,
ni da Nasiba, 'yata mai shekara goma,
wadda ba ta san ruwan da ya fi na randa faɗi ba.

Goggo Tumba tana tsinkar zogale,
ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ka sa malafa.
Ranar tudu daga sama take duka,
ta kan ruwa kuwa, sama da ƙasa."
Na sa biyu.
Na sa man kaɗe a gwangwanin madara,
ruwan leda jaka guda, ƙanƙara cikin kula,
kilishin bakin tasha, fura a gora,
buta da sallaya, tabarau baƙi.
"Lemun tsami fa?"
Na ce na mene ne?
"Za ka sani in hanjinka ya soma rawa."

Sai na ƙara abin da ba ta ce ba:
rediyo, takalmi sau-ciki, littafi mai kauri,
kujerar roba, don kada babban mutum ya zauna a katako.

Hantsi bai yi ba muka isa gaɓa.
Arzika mai jirgi ya ɗaga jakata,
ya jinjina ta, ya dube ni.
"Malam, ƙaura za ka yi ko yini?
Aje wanga, aje wancan.
Jirgi ba shi son nauyi,
balle girman kai."
Kujera ta zauna a inuwar giginya,
rediyo da takalmi suka taya ta hira.

Ya miƙo rigunan ruwa masu launin manja.
Na ce ai na iya iyo tun ina yaro.
Ya ce, "Ruwa bai riƙe sunan kowa ba,"
ya ja igiyar ta Nasiba har ta yi ƙara.
Wayata ya sa na ƙulle a leda biyu.

Shi kuwa me ya ɗauko?
Filafili, igiya, goro ɓari biyu,
da wata sakaina mai baƙin baki
wadda ko kaza ba za a ba ruwa a cikinta ba.

Muka tsaga ruwa.
Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya yana ƙirga mu.
Masunta suka ɗaga mana tarwaɗa daga nesa.
Kafin azahar na tsotse lemun tsami uku,
ina sa wa Goggo albarka a kowane tsotso.

Sai injin ya yi tari, ya yi tari, ya yi shiru.
Gaɓa ta zama zare.
Na kwance leda biyu, waya ba ta da abin cewa.
Ruwa yana tsattsafowa ta tsagar katako
har ya jiƙa littafin da ban buɗe ba.

Arzika ya ɓantari goro, ya kama filafili,
ya tura wa Nasiba sakaina da ƙafa.
"Kwalfe, ɗiyata."
Ta kwalfe. Tana dariya ta kwalfe.
Ni na yi salla a zaune,
alƙibla tana zagaya ni a hankali,
ban taɓa jin Fatiha ta yi mini tsawo da daɗi haka ba.

La'asar sakaliya muka taka ƙasa,
kilishi ya ƙare, ƙanƙara ta koma asalinta,
kujerata tana nan, akuya ta kwanta a ƙarƙashi.

A mota Nasiba ta ari alƙalamina,
ta rubuta a tafin hannunta da ya yi ja:
malafa, lemu, ruwa, sakaina.
Na ce, ni fa?
Ta yi tunani har muka wuce Achida,
ta ce, "In akwai wuri."