Feshi Uku

Shekara arba'in ina matsar zaitun a Jaén,
har tafin hannuna ya daina shan ruwa.
Yau 'yata Inma ta dire wata 'yar kwalba a kan tebur,
mai hanci kamar ta turare,
ta ce, "Baba, feshi uku. Uku kawai."

Na dube ta, na dubi kwalbar.
A gidan nan?
Gidan da kakarta ke ɗiga mai a ƙyaure in ya yi ƙara,
a kunnen yaro in ya yi ciwo,
a burodin safe har sai ya nutse?

Amma likita Celsa ta auna ni ran Talata.
Ba ta yi faɗa ba, shi ya fi ciwo.
Ta ce zuciya kamar jaki take, akwai haƙuri,
sai dai ko jaki akwai buhun da ke durƙusar da shi.
Bel ɗina kuwa tun bara hujinsa ya ƙare.

To, na wanke yalo biyu, baƙaƙe masu sheƙi,
jan tattasai huɗu, albasa, tsagin kabewa,
tafarnuwa da rigarta.
Na yanka manya-manya, hannuna bai iya ƙanana ba.
Na baje su a faranti, kowa da filinsa,
don Inma ta ce in sun cunkushe gumi za su yi, ba gasuwa ba.
Fis. Fis. Fis.
Raɓa ma ta fi haka kyauta.

Fuensanta, da kina raye da kin yi dariya har da riƙe ciki.
Ke da kike tuntsura tulu
kina hira da maƙwabciya ta taga,
man ba ya tsayawa sai labari ya ƙare.
Wai cokali ɗaya ya haura kalori ɗari.
Lissafa na shekara talatin da takwas na aurenmu.
A'a, kada ma ki fara.

Gishiri, garin barkono mai ƙamshin hayaƙi,
ganyen tayim da na tsinko a gindin katanga.
Na rufe tanda, na zauna kamar mai jinya.

Da can kasko surutu yake,
mai na tsalle yana cizon hannu.
Yau shiru, sai ƙamshi ya shigo a hankali
kamar baƙon da ya tuɓe takalmi a ƙofa.
Na juya su sau ɗaya.
Tattasai ya kumbura, gefensa ya ƙone,
albasa ta yi ruwan zuma,
yalo dai ya yi fushi, ya yamutse fuska irin tawa.

Na ɗanɗana a tsaye.
Ba zan yi ƙarya ba, ba irin naki ba ne.
Leɓe bai yi maiƙo ba, burodi bai sami abin dangwala ba.
Amma ashe tattasai na da magana a bakinsa,
shekara sittin da uku mai na katse masa hanzari.

Inma ta ci, ta gyaɗa kai, ta rubuta wani abu a waya.
Jikana Fermín ya tsince albasa ya ture gefe,
ya tambaya ko ran Lahadi zan hau da shi
har tsohuwar ganuwar kan dutse
ban zauna hutu sau biyar ba.
Na ce sau huɗu. Muka tafa.

Da suka tafi na ɗaga kwalbar saitin fitila.
Man dai namu ne, na gangaren tudun arewa,
kore-kore, mai ɗan ɗaci a maƙogwaro.
Ba a kore shi daga gida ba, murya aka rage masa.
Saura yankan yalo guda a faranti, mai taurin kai.
Na waiga. Ba kowa sai agogo.

Fis.

Na huɗun naki ne, Fuensanta.
Kada ki gaya wa Inma.