Sabuwar Zuciya, Tsohon Ƙirji

A Esquel, cikin rumfar tumaki,
Nélida ta rataye tsohon injin jif da sarƙa.
Shekara arba'in yana tari a hawan Andes.

Sabon ya iso, wayoyi cunkus kamar taliya.
Giyabos ya ƙi zama,
tazarar yatsa biyu ta hana.
Anselmo, noti a baki, ya ce:
"Ƙarfe ba ya jin lallashi, kawo walda."

Dare na tara ta murɗa makulli.
Ba tari, ba hayaƙi.
Ta yi tsit.
Da tarin nan ta saba gane dawowar baba.

Sai ƙofar hagu ta yi kukanta na da.
Anselmo ya ɗauko giris.
Ta riƙe hannunsa:
"Bar mini wannan."