Ɗan Hakin da Ka Raina

Kwali uku suka iso a mako uku,
ɗaya daga Ohio, biyu daga Yuta.
Na zazzage su kan teburin gareji
inda Lorna ke shanya albasa da kaka.

Shekara talatin da ɗaya ina kwance injin tarakta
a nan Montana, ƙarƙashin wannan rufin kwano.
Na san ƙarfe kamar yadda harshe ya san haƙori.
Bindigar harbin allo? Na ce kafin shayi ya huce.

Shayi ya huce.
Na ɗora wani, shi ma ya huce.

Ɗan littafin bayani ya ce aikin ba wuya.
Wanda ya rubuta shi bai kai sittin da takwas ba,
tabarau ba ya zame masa a karan hanci,
yatsunsa ba sa rawa sanda ya fi bukatar su.
Hoto na shida bai yi kama da abin da ke hannuna ba.
Na juya littafin, na juya ƙarfen,
na juya kaina.

Guduma ta kuskure sau ɗaya tak,
ta bar zane fari a kan baƙin fenti,
tsage a fuskar da ba a ko raɗa wa suna ba.
Na shafa da yawu. Yana nan.

Sai wani fil da bai kai ƙwayar shinkafa ba,
a bayansa sifirin, siriri kamar gashin gira.
Na danna, na ɗauke numfashi, na ƙara dannawa,
fit!
Ƙara ɗaya can wajen rufi,
daga nan garejin ya yi tsit kamar bai san ni ba.

Na durƙusa. Gwiwar hagu ta yi tsaki.
Tocila a baki, maganaɗisu a hannu,
ina rarrafe a siminti mai sanyin kabari.
Na tsinto ƙusa tara,
ƙugiyar kamun kifi,
makullin akwatin da na fasa bara saboda rashinsa,
da tayar motar wasan Tobin
wadda ya yi wa kukan yini guda yana ɗan shekara biyar.

Tobin ne ya biya kuɗin kwalayen.
Ya ce, Baba, bari in dawo daga rijiyoyin mai na Dakota,
mu haɗa ta tare.
Satumba ta wuce. Oktoba ta bi ta.
In na kira sai ya ce aiki, aiki, zan neme ka.
Ni kuwa so na yi ya shigo ya gan ta a rataye,
ya yi shiru, ya ce ashe tsohon da sauransa.

Ƙarfe biyu saura, ƙofa ta yi ƙara.
Lorna, lulluɓe da bargo, ido rabi a buɗe.
Wendell, me kake nema a ƙasa?
Na ce, abin da ba ya ganuwa.
Ta dube ni dubar shekara arba'in,
ta sunkuya, ta miƙo yatsu biyu,
ta zare shi daga cikin gemuna.

Ba ta yi dariya ba sai da ta kai tsakiyar matakala.

Na jefa shi a kwalbar maganin hawan jini da ta ƙare,
na murɗa murfin har ya ƙi.
Tayar motar ma na jefa ta ciki,
ban san dalili ba.
Na rufe teburin da tsohon labule.

A waje ƙanƙara ta fara sauka a hankali.
Bareyi biyu na cin tuffar da ta faɗo gindin shinge.
Ɗaya ta ɗago kai, ta kalli taga,
ta kalle ni,
ta ci gaba da tauna.