Ƙafa Biyar

Malama Kangyang ta rubuta ɗango goma sha huɗu a allo,
ta kakkaɓe alli daga hannunta, ta ce:
"Baturen da ya yi wannan ya daɗe da zama ƙasa.
Ku nemo mini karin waƙar kafin Litinin."

Na naɗe takardar na cusa a aljihu,
na hau keke daga Naraguta zuwa Gangare,
ruwa na dukan tamfol, direba na zagin ramuka,
ni kuwa ina ƙirga gaɓoɓi da yatsu
kamar mai lissafin bashin da ba zai biya ba.

Goma. Goma. Goma.
Sai wani ɗango ya yi goma sha ɗaya.
Na ce ashe Bature ma yakan yi gyara a mudu.

Kunnena na Hausa ne.
Ya san doguwar gaɓa, ya san gajera,
ya san inda ake jan wasali kamar danƙo.
Wannan harshen ba ja yake ba, danna yake:
gaɓa ɗaya ta sunkuya, ta biyu ta ɗaga kai.
Na karanta da ƙarfi, ƙanwata Tasalla ta ce
na yi kama da mai tallan magani a Taminus.

Amsa-amon ma ya ƙi zama wuri ɗaya.
Namu in ya kama "ra", da "ra" za a tashi taro.
Wannan kuwa, na fari ya tsallake na biyu ya gai da na uku,
kamar maƙwabtan da ke gaba da gidan tsakiya.
Akwai kalmomi biyu da aka ce sun dace.
Na faɗe su sau bakwai, ko kallon juna ba su yi ba.
A ƙasan shafi an rubuta wai a zamaninsa sun dace,
bakin mutane ne ya sauya.

Aka ɗauke wuta.
Sanyi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ba sallama.
Sai na ji Baba ya tashi shan ruwa.

Ƙafarsa ta hagu, wadda ramin kuza ya danne
a Barikin Ladi tun ba a haife ni ba,
takan taɓa ƙasa a hankali kamar mai neman izini,
sannan ta dama ta sauka da nauyin jiki duka.

Ti-dim. Ti-dim. Ti-dim. Ti-dim. Ti-dim.

Biyar daga ƙofar ɗaki zuwa randa.
Shekara ashirin ina barci a kan wannan kari
ban san yana da suna a littafi ba.

Na kunna fitilar waya, na koma kan takardar.
Ɗango takwas mutumin na kuka da zamani,
yadda yake cin fuska, yake cin ganye, yake cin dutse.
A na tara ya ce "amma".
Nan waƙar ta juya,
yadda Baba ke ajiye moɗa, ya dafa bango,
ya juya a kan ƙafar da ta rage masa.
Biyun ƙarshe suka haɗa baki,
kamar ƙyaure da sakata.

Ran Litinin na ɗaga hannu na ce:
"Malama, waƙar nan ɗingishi take yi."
Aji ya ɗauka da dariya, har Dalyop na bugun benci.
Ita ba ta yi ba.
Ta ce, "Haka ne. Amma a jarrabawa
ka rubuta sunansa na Girkanci."
Ta ba ni shida bisa goma, don na kuskure harafi biyu.

Ban gaya wa Baba ba.
Me zan ce? Wai tafiyarka tana cikin manhaja?

Jiya da dare na sake ƙirgawa daga shimfiɗa.
Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.
Sai shiru.

Malama ta ce akwai hutun da ake yi a tsakiyar ɗango,
ta ce gwaninta ce, ba kuskure ba.
Ni dai ban yi numfashi ba
sai da ta biyar ta sauka,
na ji murfin randa ya motsa.